Gudun da Na Yi a Doha Ba Tare da an Koro Ni Ba

Tun da na dawo daga Katar ban huta da tambaya ba. A Islamiyyarmu ta matan aure, a gidan biki, har a layin ganin likita, sai wata ta matso ta ce, "Hajiya Rabi, wai da gaske ne kin yi tsere a ƙasar Larabawa?" Autana Sadiku ne ya ja mini, shi ya yaɗa hotona a waya, ina sanye da riga mai ruwan lemo a kan hijabi, ga lamba a ƙirji, baki a buɗe kamar wadda ta tauna barkono. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, shi ya sa na zauna in rubuta shi tun daga farko.

Ba gudu ne ya kai ni ba. Babbar 'yata ce take aure a Doha. Mijinta, Malam Mustafa, yana karatun digiri na uku a can. Ta yi haihuwar fari, mace, muna kiranta Nana, amma ban samu zuwa ba sai da yarinya ta fara zama, saboda takardun shiga ƙasar sun ja lokaci. A tsakanin nan muryar Maman Nana a waya ta daina yi mini daɗi. Yarinyar da in ta fara surutu sai kin ce mata tukunyarki na ƙonewa, ta koma "lafiya lau, Umma" da "ba komai, Umma". Na faɗa wa mahaifinta, ya ce in shirya.

Sadiku ne ya ɗauko ni daga Zariya zuwa filin jirgin Kano. Tun a hanya yake mita a kan kayana, ni kuwa na ce mai jego zan je gani, ba yawon buɗe ido ba. Gero, kanwa, kuka, daddawa, yaji, dambun nama, har da ɗan ƙaramin turmi na cusa a tsakiyar zannuwa. Da aka ɗora akwatin a sikeli, ma'aikaciyar ta dube ni ta dubi akwatin, ta ce, "Hajiya, mutum ne a ciki?" Haka aka buɗe a gaban jama'a aka ciro turmin. Sadiku ya koma Zariya da shi a kujerar gaba, ya ce har bel ya ɗaura masa.

Jirgi ba baƙona ba ne, na yi aikin Hajji. Amma filin jirgin Doha gari ne guda, har ɗan jirgin ƙasa ke yawo a cikinsa. Wajen duba fasfo wani saurayi cikin farar jallabiya ya nuna mini na'ura ya ce in kalla. Na gyara hijabi na yi murmushi irin na hoton biki, ashe idona kawai take so. Daga nan aka ware akwatina gefe. Jami'in ya zaro ƙullin kanwa, ya kwance, ya ga fararen duwatsu, ya ɗago ido a hankali. Na tattaro Larabcin Islamiyya na ce masa, "Ɗa'amun," wato abinci. Ya sake duban dutsen. Da na ga bai gamsu ba, na ɓantari kaɗan na lasa, fuskata ta yamutse ba da son raina ba, abin da ya ƙara masa shakka. Allah ya kawo wani ma'aikaci ɗan Sudan, ya leƙo ya faɗi sunanta da yarensu, ya ce su ma suna sa ta a miya. Jami'in ya yi dariya ya ɗaure mini ƙullina da kansa, ya ce, "Khalas, Hajja, yalla." Kalmomin nan biyu, khalas da yalla, wato shi ke nan da mu je, da su ake tafiyar da ƙasar gaba ɗaya.

A waje na tarar da Malam Mustafa. Yaro mai tarbiyya, yana hango ni ya durƙusa har ƙasa a kan tayil ɗin nan mai sheƙi yana gaishe ni. Wani Ba'indiye da ke wucewa ya ga mutum a tsugune kansa a ƙasa, sai shi ma ya sunkuya yana taya shi neman abin da ya faɗi.

A tasi na ji ya ce wa direba, "Matar Ƙadim." Na kasa daurewa, na tambayi iska, "Matar wa za mu fara gaisarwa?" Ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa. Ashe sunan unguwarsu ke nan, Tsohon Filin Jirgi da Larabci.

Gidan nasu a bene yake, ɗaki biyu da falo, tsaf-tsaf. Nana ɓul-ɓul, ta miƙo hannu kamar ta san ni. Amma uwar ta rame, idanunta sun faɗa, labulaye duk a sake da rana tsaka. A gida mai jego ba ta rasa mutane, wannan ta shigo da kunu, waccan ta karɓi jariri, wata ta zo gulma kawai, duk dai ɗaki a cike. A can kuwa miji ya fita tun safe sai yamma, ƙofar kowa a rufe, ba sallama, ba yaron maƙwabta da zai leƙo aron ashana. Wata uku tana jin tarin maƙwabciyarta ta bango ba ta san fuskarta ba. Na zuba dambun nama a faranti na bi ƙofofi ina ƙwanƙwasawa. Wata 'yar Filifin ta buɗe a tsorace, ta karɓa tana ta sunkuyo. Wata Bamisiriya kuwa ta dawo mini da farantin cike da alewar da zuma ke ɗiga daga jikinta, ta zauna muka yi hira mai tsawo ba wadda ta ji abin da 'yar'uwarta ke faɗa.

Abincinsu ba laifi. Akwai shinkafar da suke dafawa da nama da busasshen lemon tsami baƙi, na ɗauka ƙonewa ya yi na tsame shi gefe. Akwai shayin karak, mai kauri da madara, wanda mutum zai tsaya da mota a bakin shago ya danna oda a kawo masa har taga. Lahadi kuma ranar aiki ce, Juma'a da Asabar ake hutu, har na dawo ban daina rikicewa ba. Na dama kunun kanwa, na tuƙa tuwo, Maman Nana ta ci loma kaɗan ta ce ta ƙoshi.

Ni da Malam Mustafa, in ban da gaisuwa, ba ma magana kai tsaye, kun dai san surukuta. A gida akwai yaran da za a aika, a can kuwa Nana ce kaɗai, don haka ita muka naɗa 'yar aike, ko da yake ko haƙori ba ta da shi. Wata rana da yamma ya tsaya a bakin falo ya ce, "Nana, ki faɗa wa Umma, jibi hutu ne. A ƙasar nan akwai ranar da ake rufe ofisoshi da makarantu don kowa ya fita ya motsa jiki."

Na ce, "Nana, hutun gudu? Mu a wajenmu in an ba da hutu kwanciya ake yi."

Ya ce an shirya tseren iyali a bakin teku, kilomita uku, ya rubuta sunansa da na matarsa, domin likitar da suka gani a unguwar Al-Sadd ta ce lallai ta riƙa fita tana shiga mutane. Maman Nana ta ce, "Na faɗa maka ba za ni ba." Ta tashi ta shige ɗaki.

Na dubi ƙofar da ta rufe. Na ce, da ƙarfi yadda za a ji daga ciki, "Nana, tambayi babanki, tsofaffi suna shiga?"

"Nana, ki ce wa Umma har masu sanda suna shiga."

"To a rubuta da ni."

Ƙofa ta buɗe. "Umma, ke da gwiwarki?"

"Gwiwar da ta yi Safa da Marwa?"

Ta dube ni ta ce, "In kin je dole in bi ki, kada ki faɗi a titin mutane." Abin da nake nema ke nan. Sai da na kwanta na tuna cewa yanzu fa gudun ya hau kaina da gaske.

Washegari aka sayo mini takalmin kambas, fari fat, irin wanda rabona da shi tun ina firamare. Da la'asar muka fita wani ɗan lambu a unguwar don gwaji. Ina cikin yi wa gwiwata faɗa sai na ji an ce, "Mma, sannu da ƙoƙari." Na waiga, ga wata mata kakkaura mai fara'a, sa'ar ƙanwata. Sunanta Memunatu, daga Zangon Kumasi ta Gana, tana aikin girki a wata makaranta. Hausarta daɗi, sai dai ba ruwanta da mace ko namiji. Ta nuna Maman Nana ta ce, "Ɗiyarki ne? Ya yi kama da ke." Na ce ɗiyata ce, kuma har yanzu mace ce. Ta yi dariya har da tafa hannu. Ita ma ta rubuta suna a tseren, muka yi alkawarin haɗuwa.

Ranar hutun muna idar da sallar Asuba muka fita, lokacin sanyinsu ne, iska mai daɗi. Muka hau jirgin ƙasa na cikin gari. Na nemi direba a gaba ban gani ba, sai yara sun manna fuska a gilashi. Aka ce ai shi yake tuƙa kansa. Na karanta duk addu'ar da na haddace.

Bakin teku kuwa ya cika maƙil. Larabawa da 'ya'yansu, Indiyawa, 'yan Filifin, Turawa da gajeren wando, baƙaƙen fata irinmu, mata da abaya da kambas, wani tsoho a keken guragu jikansa na tura shi. Aka ba kowa riga mai ruwan lemo da takarda mai lamba, an buga sunan mutum a ƙasa da manyan baƙaƙe. Na zura rigar a kan hijabi, dama na sa wando a ƙarƙashin doguwar riga. Wani ƙato ya hau dandamali da lasifika yana tsalle, jama'a na kwaikwayonsa. Na ɗaga hannu da aka ɗaga, na juya wuya da aka juya, da aka zo kan karkaɗa ƙugu na tsaya na gyara igiyar takalmi, ga suruki a bayana.

Aka busa ƙaho.

Ni gudu iri ɗaya na sani a rayuwata, wanda ake yi in an ce ga maciji. Shi na zuba. Na wuce Memunatu, na wuce wasu Turawa biyu, na wuce wani saurayi mai agogo a damtse, ina jin Maman Nana a baya tana cewa, "Umma, a hankali." Mutanen da ke tsaye a gefen titi suka karanta takardata suka ɗauka, "Rabi, Rabi, yalla Rabi." Rabon da wani namiji ya kira ni Rabi gatsau tun rasuwar babana, sai ga gardawan duniya suna rera shi. Wallahi daɗi na ji. Na ƙara wuta.

Ba a je ko'ina ba ƙirjina ya ɗauki zafi, ƙafafuna suka zama na aro. Turawan nan suka zo suka wuce ni suna hirarsu. Na koma ɗan sassarfa, sannan tafiya mai kama da sassarfa. Maman Nana da Memunatu suka iso ni. Sai na ji ƙarar taya a bayana, ƙiiƙii, ba ta matsowa ba ta nisa. Na saci kallo, Malam Mustafa ne yana tura keken Nana, kansa a ƙasa, yana taka ƙafa ɗaya-ɗaya kamar mai rakiyar amarya. Mutumin da aka ce kullum yana gudu a makarantarsu.

Na ce, ina haki, "Nana, ki ce wa babanki ya wuce gaba."

"Nana, ki ce wa Umma ba zan iya wuce ta ba."

"Nana, ki ce masa ba a bin surukuwa a baya tana gudu."

'Yar aiken tamu kuwa barci take, baki a buɗe. Memunatu ta ce, "Me ya faru? Ku biyu kuna faɗa ne?" A ƙarshe ya samo dabara, ya koma can ɗaya gefen titin, daidai da ni, bai wuce ba bai bi baya ba, ya karkata wuya yana kallon teku. Haka ya yi ta tafiya har ya ture robar da aka jera a kan hanya, ya tsaya yana ba ta haƙuri kafin ya gane ba mutum ba ce.

Muka iso inda ake raba ruwa. Na ga mutane suna fizgar kofi a guje, su kurɓa, su watsa sauran a ka. Ni ba a koya mini shan ruwa a tsaye ba, balle a guje. Na karɓi kofina na koma gefe na tsuguna, na yi bismilla. Ban kai ga kurɓa ta biyu ba sai ga mutum biyu da jakar magani sun nufo ni a sukwane, na uku na turo keken marasa lafiya. Ɗaya ta kama hannuna tana duba agogo, ɗaya yana yi mini fifita da kwali yana tambayata sunana da Turanci, alhali ga shi a ƙirjina. Ina cewa lafiyata ƙalau, ruwa nake sha, suna cewa, "Okay, Mama, okay," suna ƙoƙarin ɗaga ni su ɗora a keke. Na riƙe kofina gam.

Sai na ji wata dariya da na daɗe ban ji ba. Maman Nana ce, ta dafa kafaɗar Memunatu ta lanƙwashe, hawaye na zuba, ta kasa ko yi musu bayani. Dariyar nan tata ta yarinta mai haɗe da shaƙuwa. Da na ji haka na ƙara jan lokaci a tsugune, na bar su suka yi ta fifita. Sai da Malam Mustafa ya tsallako ya yi musu magana, yana kallon wani wajen, suka sake ni, suna dariya su ma.

Muka zagaya alamar juyawa muka kamo hanyar dawowa. Memunatu ta ce za ta yi gaba ta tsaya mana a ƙarshe. Rana ta ɗan ɗago. Har mun fara hango ƙofar da aka yi da balan-balan, sai na lura ba kowa a gefena. Na waiga. Maman Nana ta tsaya, ta zauna a kan dakalin titi ta sa kai a gwiwa. Na koma.

"Ƙafa ce?"

Ta girgiza kai. "Umma, ku je kawai. Na gaji. Ni komai ma na gaji da shi." Kuka take, ba irin hawayen ɗazu ba.

Na tsaya a kanta. Mijinta ya tsaya nesa kaɗan da keken. Wasu 'yan mata Indiyawa a bayan shinge suka leƙo takardar ƙirjinta suka fara tafi suna kiran sunanta.

A nan sai na yi muku bayani, ko da yake kun sani. 'Yar fari ce. Tun ranar da aka raɗa mata suna bakina bai taɓa furta shi ba. Kakarta ce ta yaye ta, a hannunta ta yi wayo. In zan kira ta, "ke" ce, in ina magana da ƙannenta, "Yayarku", da ta haihu na samu sauƙi na koma Maman Nana. Ban taɓa riƙe hannunta a gaban mutane ba. Haka aka yi mini, haka na yi, ban taɓa ganin aibinsa ba. Sai ga ni a bakin tekun wata ƙasa, yaran da ba su san ta ba suna kiran sunanta da iyakar muryarsu, ni da na haife ta ina tsaye kamar gunki.

Na ce, "Hauwa'u." A hankali ya fito, kiɗa ya haɗiye shi.

Na sake cewa, da muryar da nake kiran Sadiku daga ƙofar gida, "Hauwa'u."

Ta ɗago kai da sauri tana duban bayana, tana neman wanda ya yi maganar.

"Ni ce. Tashi mu je. Ni ma na gaji, amma ba zan bar ki a nan ba."

Na miƙa mata hannu. Ta dube shi, ta kama, ta miƙe. Muka fara takawa, sannan ban san wadda ta fara ja ba, sai ga mu muna gudu, hannu cikin hannu, hijabaina na tashi, tana kuka tana dariya, ni kuma ina haki kamar tsohuwar mota a kan tudu. A lokacin ne aka ɗauki hoton da kuka gani. Malam Mustafa ya riga mu isa bakin layin, amma ya ja birki ya tsaya, mutane na kauce masa, sai da na tsallaka sannan ya turo Nana.

Aka rataya mana lambar yabo a wuya. Na ce wa yarinyar da ke rabawa ta duba da kyau, mu fa kusan na ƙarshe ne. Ashe kowa ake ba, har Nana da ta yi tseren a cikin barci. Wata dattijuwar Balarabiya da ta shimfiɗa darduma a kan ciyawa ta yafito mu, ta zuba mana gahawa a ɗan kofi kamar murfin kwalba, ta tura mana dabino. Duk na shanye ta ƙara, na shanye ta ƙara, sai da Memunatu ta raɗa mini cewa sai na girgiza kofin za ta daina. Kafin mu rabu Memunatu ta ce ranar Juma'a akwai suna a wajen 'yan'uwansu a unguwar Al Wukair, za a yi waken Gana da shinkafa, lallai mu zo. Ina shirin amsawa na ji Maman Nana ta riga ni. "Za mu zo, Anti. Ba ni lambar wayarki."

Mun je sunan, mun kuma je wasu wuraren kafin in dawo, labule ma ya koma ɗagewa tun safe. Ba zan ce komai ya warware rana ɗaya ba, tana ci gaba da ganin likitarta. Amma abin da ya fi zauna mini shi ne yammacin ranar tseren. Ƙafafuna sun sandare, Azahar da La'asar a kan kujera na yi su. Ina kwance a falo ina nishi, ta zo da man zafi ta zauna a ƙasa ta ɗora ƙafata a cinyarta. Ta cinye tuwonta tas kafin nan, har da ƙari. Tana matsawa, ba ta dube ni ba, ta ce, "Umma, ashe kin san sunana."

Kunya ta rufe ni. Na ce, "A takardar ƙirjinki na karanta."

Ta yi dariya ƙasa-ƙasa. Can ta ce, "Sake faɗa."

Na ja mayafi na rufe fuska. Ta daina matsawa, tana jira. Na turo mata ɗayar ƙafar.

"Nan ne ya fi ciwo, Hauwa'u. Matsa a hankali."